Miyar Tafiya

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin kuku a jirgin ruwan dakon kaya, amma ban taɓa ganin ya dafa ko da ƙwai ba sai da na kai shekara arba'in da biyu a duniya.

Idan ya tafi, wata tara ne, wani lokaci goma sha ɗaya. Idan ya dawo, sati shida ko bakwai. Ummanmu ba ta barinsa ya leƙa kicin. Takan ce mutumin da ya kwashe wata tara a tsaye gaban wuta, in ya zo gida sai ya zauna a kawo masa. Shi kuwa sai ya zauna. Abin da na sani a kansa ke nan ina yarinya: dogon mutum a kujerar falo, jikinsa yana ƙamshin wani sabulu da ba irin namu ba, mu kuma muna tafiya saɗaf-saɗaf kamar an yi baƙo. Lokacin da ya ajiye aikin na riga na yi aure, don haka ban taɓa zama da shi zama na gaske ba.

Bayan rasuwar Umma ya yi shekara biyu shi kaɗai a gidan. Daga nan hannunsa na dama ya fara rawa. Ni a ɗakin magani na asibiti nake aiki, na san sunan ciwon tun kafin likita ya faɗa, na kuma san inda yake dosa. Yayana yana wata ƙasa da iyalinsa, sai ni na ɗauko shi. Maigidana malamin sakandare ne, shi da kansa ya kwashe littattafansa daga ƙaramin ɗaki ya kafa gado. 'Yan matanmu biyu suna makarantar kwana, gidan da ma shiru yake.

A sati na biyu Baba ya tashi dafa shayi, butar ta suɓuce, ruwan zafi ya zubo masa a ƙafa. Ni na wanke, ni na ɗaure. Daga ranar, idan zan fita aiki sai in rufe gas, in kulle kicin, in ajiye masa filas da abinci a kula. Bai yi ƙorafi ba. Muna gaisawa da safe, ina ba shi magani a kan lokaci, ina auna masa hawan jini. Duk wanda ya gan mu zai ce 'ya ce mai kula da uba. Amma hirarmu ba ta wuce "ka ci?" da "na ci, Allah ya yi albarka."

Wata Asabar, wata uku da zuwansa, maigidana ya tafi taron iyayen yara a makarantarsu. Ina gama wanki na leƙa ɗakin Baba in tambaye shi ko yana da kayan datti, sai na tarar ba kowa. Wayarsa tana kan gado. Maigadi ya ce tun wajen ƙarfe takwas ya fita, sanye da hularsa, riƙe da sanda. Na duba masallaci, na duba wajen mai jarida, na bi layinmu har bakin babban titi ina leƙa kwatoci, abin da ban so in faɗa wa kaina dalilinsa ba. Sha biyu saura na dawo zan ɗauki makullin mota, sai ga tasi ta tsaya a ƙofar gida. Baba ya fito a hankali, direban ya biyo shi da leda uku.

"Baba, ina ka je? Ka san awa nawa nake nemanka?"

"Kasuwa na je, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Kasuwa, kai kaɗai, ba waya? Me ka rasa a gidan nan da ba za ka ce a sayo maka ba?"

Ya tsaya har na gama. Na faɗi abin da ya fi wannan, ban tuna duka ba. Da ya ga na yi shiru, sai ya ce, "So nake ki ara mini hannunki na awa biyu. Nawa ya ƙi."

Na buɗe ledojin a kan teburin kicin. Kaza guda an fige, kwakwa biyu, albasa, ɗanyar citta, tafarnuwa, lemun tsami, tumatir ɗaya tak, da ƙulle-ƙullen kayan ƙamshi a takarda. Haushi bai sake ni ba, amma na jawo kujera daga falo na ajiye masa kusa da ƙofa, inda ba zai kai ga wuta ba. Ya zauna, ya ɗora hannun mai rawa a kan cinya ya danne da ɗayan, ya bi kicin ɗin da kallo daga rufi har ƙasa.

"Wuƙar nan yaushe rabonta da dutse?" ya ce.

"Tana yanka."

"Tumatir ma idan ya nuna sosai cokali yana yanka shi. Kawo kofin tangaran."

Ya sa na kifa kofin, na riƙa goga bakin wuƙar a gindinsa inda ba santsi, gefe da gefe. Da na gwada a kan kazar sai ta shige kamar a sabulu. Ya nuna mini inda zan nemi gaɓa maimakon in sari ƙashi. Na yanka gida goma, na wanke, na shafe da gishiri da kurkum da ruwan lemun tsami, yatsuna suka koma rawaya. Ya ce a rufe a bar ta ta huta.

Kwakwar ta fi ba ni wahala. Ya ce in girgiza ta kusa da kunnensa, ya saurari ruwan cikin, ya gyaɗa kai. Cikin idanunta uku akwai ɗaya mai laushi, nan na huda na tsiyaye ruwan a kofi, shi ya shanye. Sannan na riƙe ta a tafin hannu ina bugun tsakiyarta da bayan wuƙa ina juyawa. A zagaye na uku ta rabe biyu. Na ɓanɓare naman, na zauna da magogi.

"Akwai madarar kwakwa ta gwangwani a kanti, Baba."

"Na sani. Muna amfani da ita a jirgi, ranar da ta gaskiya ta ƙare."

Na yi kusan minti ashirin ina goga, har magogin ya ci mini ɗan yatsa. Na tashi ɗauko filasta, garin buɗe kabad ya hango bilenda.

"Da ma kina da inji kika tsaya goga?"

"Kai ka ce in goga."

"Ban san kina da shi ba. Yau na fara zama a kicin ɗinki."

Bai faɗa da gatse ba, da ma ba ya gatse. Na ɗaure yatsana, na zuba sauran a bilenda da ruwan ɗumi kaɗan. Muka juye a farin ƙyalle, na matse. Madarar farko ta fito da kauri, ya ce a ajiye ta gefe, kada a taɓa ta sai ƙarshe. Na ƙara wa dusar ruwa na sake matsewa, ta biyu ta fito tsararo, kusan cikin kwano.

Sai ya ce in ɗora kasko ba mai. Na kwance ƙulle-ƙullen takardar ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini yawan da zan ɗiba: kirfa ɗan guntu, kanumfari biyar, masoro, busasshen barkono, hulba 'yar kaɗan don tana da ɗaci. Na zuba, ina girgiza kaskon a kan ƙaramar wuta.

"Ba da ido ake ganewa ba," in ji shi. "Hancinki zai gaya miki."

Hancina kuwa ya gaya mini, amma ba abin da yake nufi ba. Ƙamshin yana tashi na ji ni a wani kicin dabam, mai ƙaramar taga da labule shuɗi, ina tsaye ban kai tsawon tebur ba. Na sauke kaskon na tsaya.

"Wannan ai miyar tafiya ce," na ce.

"Miyar me?"

"Miyar tafiya. Wadda Umma take yi."

Ya dube ni. "Ummanku ba ta yin wannan miyar. Sau ɗaya na koya mata, tana da cikin yayanki, lokacin komai ta ci sai ya dawo. Wannan ce kaɗai ta zauna mata. Bayan haka na tambaye ta, ta ce yara ba sa so."

"Ba ma so ɗin. Amma tana yi. Duk ranar da ka tafi, washegari sai ta yi. Idan muka dawo makaranta muka ji ƙamshin tun daga bakin ƙofa, mun san an kwashe takalmanka daga bayan ƙyaure. Yaya ne ya raɗa mata sunan."

"Duk tafiya?"

"Ba ta taɓa fashi ba. Ita da kanta take goga kwakwar, ba ta yarda mu taya ta."

Hannun da Baba ya danne ya ƙwace, yana bugun cinyarsa. Na juye kayan a ƙaramin turmi na fara daka, don in samu abin da zan kalla. Na daka har suka yi laushi, na daka citta da tafarnuwa dabam, na yanka albasa huɗu siri-siri. Da na zuba mai a tukunya na juye albasar sai Baba ya ce, "Rage wutar. Ba soyawa za ki yi ba, lallaɓa ta za ki yi. Sai ta koma launin zuma."

Albasa a ƙaramar wuta tana cin kusan rabin awa, kuma ba a barinta. Dole mutum ya tsaya yana juyawa. Ni da mahaifina ba mu taɓa zama rabin awa a wuri ɗaya ba tare da talabijin a tsakaninmu ba.

"Tata ta fi wannan ja," na ce, don shirun ya yi yawa.

"Tumatir nawa take sawa?"

"Biyar, shida."

Ya girgiza kai, bakinsa ya ɗan motsa. "Ɗaya na ce mata. Har rubutawa na yi."

"Ai ka san Umma. Likita ma idan ya ce ƙwaya ɗaya sai ta tambaye shi dalili."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Da na bar maganar a nan, da mun ci abinci lafiya mun koma gidan jiya. Amma ƙamshin ya riga ya buɗe wani wuri a cikina, kuma akwai abin da na yi shekara talatin da uku ina riƙe da shi.

Muna da ƙane, Auta. Yana da shekara huɗu zazzaɓi ya kama shi, kwana biyar ya rasu. Ina da shekara tara a lokacin. Baba yana teku. An aika wa kamfaninsu saƙo, muka riƙa sauraron ƙofa. Bai dawo ba sai bayan wata huɗu, lokacin da ya saba dawowa, da akwati da tsaraba. Ni ya kawo mini 'yar tsana mai rufe ido. Ya zauna a kujerarsa, ban ga hawayensa ba, ban ji ya ambaci sunan yaron ba, daga ranar har wannan Asabar ɗin.

"Auta ne kaɗai yake sonta," na ce, ina kallon tukunya. "Yana tsame dankalin da Umma take sawa ya jera a gefen faranti, ya shanye romon."

Na ji kujerar ta yi ƙara.

"Baba, yaushe saƙon ya same ka?"

"Bayan kwana uku. Da hantsi. Kyaftin ya aiko a kira ni, ya miƙo mini takarda. Layi biyu ne. Ya ce in je in kwanta. Na ce wa zai dafa wa mutum ashirin da shida abincin rana? Na koma kicin. Shinkafa da naman rago na yi. Na sa gishiri, na manta, na sake sawa. Ni kaina da na ɗanɗana sai da na tofar. Amma mutanen nan suka cinye tas. Masu ƙorafi a kan komai, ko shayi ya ɗan huce sai sun yi magana. Ranar ba wanda ya ce uffan. Wani injiniya har ƙari ya nema."

"Albasar ta yi?" na tambaya, don ban san me zan yi da wannan labarin ba.

"Saura kaɗan. Sa cittar yanzu."

Na sa citta da tafarnuwa, na juya, na zuba garin kayan ƙamshin, na yayyafa ruwa kaɗan kada ya kama. Tumatir ɗin ya bi baya, sannan kazar. Na juya har kowane yanki ya ɗauki launi. Ya ce in zuba madara ta biyu, mai tsararon, in rufe rabi. Na yi. Yanzu babu sauran abin juyawa. Na jingina da wurin wanke-wanke na harɗe hannu.

"Umma ta ce mana kuna tsakiyar teku, ba yadda za a yi ka sauka."

"Haka na rubuto mata."

"Ba haka ba ne?"

"Bayan kwana tara muka tsaya a wata tasha. Kyaftin ya ce ya yi magana da kamfani, za su sa ni a jirgin sama, su turo wani kuku. Har takardun an shirya." Ya dubi tukunyar. "Na ce a bari."

Tukunyar ta fara ƙananan tafasa, murfin yana ɗan rawa.

"Don me?"

"Na yi ta ba kaina dalilai. Na ce an riga an binne, zuwana ba zai dawo da shi ba. Na ce idan na bar aikin wani zai maye gurbina. Duk gaskiya ne, amma ba su ne suka hana ni ba. Tsoro na ji, Uwata. Na rufe ido na ga kaina ina shiga ɗakin nan, ga Ummanku, ga ku, ga katifarsa. Ban san abin da zan ce ba. Ni a gidana ban taɓa sanin abin da zan ce ba, ko da lafiya lau ake. A kicin ɗin jirgi na san inda komai yake. Sai na zauna inda na sani."

"Ta sani?"

"Ban taɓa faɗa mata ba. Amma matar kyaftin ta zo mata gaisuwa, kuma mata ba sa zama shiru. Ina zaton ta sani. Ba ta taɓa tambayata ba."

Na so in ce masa ni ce na riƙe kwanon ruwan da Umma take jiƙa tsumma a ciki. Na so in ce Yaya, yana ɗan shekara goma sha biyu, shi ya tsaya a matsayin namijin gida yana amsa gaisuwa da wandon makaranta. Na ajiye ludayin, na fita ta ƙofar baya.

A bayan gida wankin da na shanya da safe ya bushe. Na fara kwashewa ina ninkewa, har da wanda bai gama bushewa ba. Shekara da shekaru na ɗauka idan na ji ya amsa laifinsa zan ji sanyi. Ban ji ba. Da ƙaryar teku ta fi sauƙin ɗauka, don ita aƙalla ba ta da fuska. Yanzu kuwa ga wani mutum ɗan shekara arba'in, ƙasa da shekaruna na yau, tsaye a tashar jirgi da takardun tafiya a hannu yana jin tsoro. Na san irinsa. Ina ganinsu a asibiti, mazan da suke tsayawa a layin karɓar magani su bar matansu a ɗakin majinyaci, su yi ta tambayata sau nawa ake sha, kafin abinci ko bayan abinci, don kawai kada su koma ciki da wuri. Ban taɓa jin haushinsu ba. Nasa kuwa ina ji.

Sai na tuna na bar shi da wuta a kunne. Na watsar da kwandon na koma da sauri.

Yana tsaye gaban murhu. Ya rage wutar, ya buɗe murfin, yana juya miyar daga ƙasa zuwa sama. Hannun da yake rawa idan yana zaune, yanzu da ya kama ludayi ya lafa sosai. Na san haka ciwon yake a farkonsa, ya fi tashi idan hannu ba ya aikin komai. Na sha karantawa, na sha faɗa wa wasu. A kan mahaifina ne dai ban taɓa tunaninsa ba.

"Ta so ta kama," ya ce, bai juyo ba. "Miƙo madarar farko."

Na miƙa masa kwanon, sai na ga kwano cike da ruwa ya fi ƙarfin hannun. Na karɓa, ni ina zubawa a hankali, shi yana juyawa. Miyar ta tashi daga launin ƙasa ta koma ruwan gwal mai kauri.

"Daga yanzu ba a barinta ta tafasa," ya ce. "Idan ta tafasa madarar za ta tsinke, mai ya hau sama. Ki tsaya kina kallon gefen tukunya. Da kin ga ta fara motsi, ki kashe."

Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muna kallon gefen tukunya. Ya fi yadda nake zato gajarta. Da ta motsa na kashe. Ya matsa rabin lemun tsami da hannun hagu, ya ɗiba a cokali ya hura ya miƙo mini.

"Gishiri?"

"Ya ji."

Bai roƙe ni gafara ba, ni ma ban ce na yafe ba. Na dafa farar shinkafa, ya koma kujerarsa ya zauna, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Wajen ƙarfe uku maigidana ya dawo, tun daga ƙofa yake shaƙar iska. Ya leƙo kicin ya ga Baba a ciki, ya dube ni, na kawar da kai.

"Baba, ashe an ɗage dokar hana shiga?"

"Biza ta kwana ɗaya aka ba ni, Malam."

Muka zauna a tebur mu uku. Naman yana rabuwa da ƙashi da kansa. Yajin ba ya dukan harshe, sai bayan ka haɗiye yake tasowa a hankali, zaƙin kwakwar kuma ya kwantar da shi. Maigidana ya cinye faranti ya ƙara, yana cewa shekara goma sha takwas ana ɓoye masa gado a gidan surukai. Baba ya ci kaɗan. Ni ma haka. Ta fi ta Umma daɗi nesa ba kusa ba, kuma hakan ya ɓata mini rai ta wata hanyar da ban iya bayyanawa. Maigidana ya lura ba ma magana, ya ɗauki farantinsa ya ce zai ƙarasa a gaban labarai.

Da ya fita, Baba ya ajiye cokali.

"Da Auta zai rasu, kina wurin?" ya ce.

"Ina wurin."

"Ya sha wahala?"

Na yi tunanin in sassauta masa. Ban sassauta ba, ban kuma ƙara ba. Na gaya masa kwana uku na farko yana kuka yana cewa kansa, na huɗu ya daina kuka, a asibiti aka sa masa ruwa a ƙafa don ba a samu jijiya a hannu ba. Na gaya masa na biyar barci kawai yake yi, Umma tana riƙe da shi, da la'asar ta ce in je in kira nas. Ya saurara har ƙarshe idonsa a kan tebur. Sannan ya ce, "Na gode," ya dafa sandarsa ya tafi ɗaki. Na ji ya daɗe a kan sallaya.

Da yamma na kira Yaya na gaya masa komai. Ya ce shi ya sani tun yana sakandare, Umma ce ta faɗa masa, ta kuma ce kada ya gaya mini don na fi shi riƙo. Na ce to ta yi gaskiya. Muka yi dariyar da ba ta da daɗi, muka koma maganar yara.

Ba zan ce komai ya gyaru daga ranar ba. Akwai safiyar da nake miƙa masa magani in ji ba na son haɗa ido da shi. Ciwon ma bai tsaya jiranmu ba, kafin shekara ta zagayo ludayin ya fi ƙarfinsa, tafiya ta koma ja da ƙafa. Amma ranakun Asabar yana zama a kujerar nan ta bakin ƙofa yana ba da umarni, muna musu a kan yawan mai. Kuma ya fara tambaya. Ba ya yin ta a jere, sai ya bari kwana da kwanaki, sannan ya jefo ɗaya a lokacin da ban zata ba. Wace makaranta na so shiga aka hana ni. Wa ya koya wa Yaya keke. Me Umma take yi da yamma idan mun yi barcin rana.

Wata Talata na riga na saɓa jaka, makullin mota a hannuna, ina sauri don ni ce da buɗe ɗakin magani. Yana zaune da kofin shayinsa da aka cika rabi.

"Uwata, bakin Auta ya buɗe sosai kuwa? Lokacin da na tafi kalma ɗai-ɗai yake yi."

"Ya buɗe. Har ya yi yawa. Sai dai ba ya iya cewa 'ruwa', 'luwa' yake cewa. Kuma kowace dabba a wurinsa akuya ce. Kare akuya, jaki babbar akuya."

"Kyanwa fa?"

Na duba agogo. Na ajiye jakar a kan tebur, na jawo kujera.

"Kyanwa tana da labari," na ce. "Akwai wata baƙa da take shigo mana ta taga."